Lado da Mutanensa na Dalma

Lado ya sa bakin buroshin tsakanin leɓɓansa, ya murza shi sau ɗaya, ya zaro shi da tsini kamar ƙayar aduwa. Haka yake yi kowace safiya in ya dawo daga masallaci, tun kafin ya taɓa shayi, tun kafin zafin Jidda ya tashi ya busar masa da fenti a bakin kwalba. Buroshin shi ya haɗa abinsa. Gashin jelar kyanwar da ke kwana ƙarƙashin motar gidan ne, ya ɗaure shi da zare a jikin gashin tantabara. Cewa yake na kanti don bango aka yi su, ba don mutum ba.

Mutumin da yake nufi yana tsaye a kan murfin kwalbar lemo, an liƙe masa ƙafafu da kaki. Na dalma ne, tsawonsa bai wuce gaɓar babban yatsa ba. Yana riƙe da doguwar bindiga, da riga har gwiwa, da rawani mai gashin tsuntsu a gefe. Lado ya karkata shi wajen tagar ɗakin gadi, inda hasken tekun Abhur ke shigowa fari sol, ya riƙe numfashi, ya ja layi ɗaya a bakin rigar. Wanda bai sa tabarau ba, da wuya ya ga layin. Amma da za a goge shi, kowa zai ce rigar nan ba a gama ɗinka ta ba.

Lado ɗan marina ne daga Kura. Ya tashi hannuwansa baƙi ƙirin da shuni, kunnensa cike da ƙarar 'yan bugu, masu dukan turkuɗi da mabugi har ya yi ƙyalli kamar fiffiken hankaka. A shekarar 1975 ya zo aikin Hajji tare da ƙanensa Usuman. Ranar da jirginsu zai koma, suna zaune a wani lungu na Balad, tsohon garin Jidda, suna shan shayi. Usuman ya dubi Lado, Lado ya dubi kofinsa, babu wanda ya miƙe. Da haka suka zama mutanen Jidda marasa takarda.

Ya sami aiki wurin wani ɗan Yaman mai sayar wa alhazai adaka. Aikinsa rubuta sunan mai akwati da garinsu a kan murfi. Da ya lura da yawa ba su iya karanta sunansu ba, sai ya riƙa ƙara wa kowa 'yar alama: wannan fure, wancan koriyar ƙubba, wata tsohuwa kuma ta ce a zana mata tukunyar furarta. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki babu iƙama, wato takardar izinin zama, kuma a cikinsu ya koyi darasin da ya fi na fenti amfani. In motar kame ta tsaya a bakin lungu, ka sunkuyar da kai ka ci gaba da abin da kake yi. Wanda ya ruga, shi ake bi.

Usuman bai koyi darasin ba. Wata Juma'a da la'asar ya ɗaura rawanin mahaifinsu, ɗan Kura na asali da suka taho da shi a ƙasan jaka, ya fito yana takawa kamar ango. Motar ta tsaya, sai ya ruga. Lado yana durƙushe a gaban adaka, buroshi a hannu, bai ɗaga kai ba. Abin da ya gani ta wutsiyar ido shi ne ƙyallin rawanin yana shan kwana. Aka mayar da Usuman gida, ya rasu a Kura bayan shekara tara, ba su sake ganin juna ba.

Duktur Abdulwahid likitan haƙori ne, Balaraben Jidda, amma kakarsa ta wajen uwa Bahaushiya ce. Yana jin Hausa tsaf, bakinsa ne ke masa nauyi. Ya yi karatu a Florida ta ƙasar Amurka, ya dawo da takardar shaida da kuma wata cuta marar magani, wato wasan yaƙi a kan tebur. Masu wasan sukan jera mutum-mutumin dalma, su auna tafiyarsu da tef, su jefa 'ya'yan lido, su sake buga yaƙoƙin da aka gama tun kaka da kakanni. Wata rana a 1986 ya tsaya a kan Lado yana kallon tukunyar furar da ya zana, wadda ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba amma har da ludayi a ciki. Ya yi ta zirga-zirga har ya samo masa iƙama, ya zama kafilinsa mai tsaya masa a wurin hukuma, ya ba shi ɗakin gadi a gidansa na Abhur. A takarda Lado maigadi ne. Ƙofar kuwa sau huɗu ake buɗe ta a yini.

Ranar da Duktur ya fara nuna masa littafin yaƙin da yake so ya duba ya yi wa 'yan dalmarsa fenti, hotunan ciki duk fari da baƙi ne. Lado ya ga maza da rawani, da doguwar riga, da jinjirin wata na azurfa a ƙirji.

"Duktur, ai waɗannan namu ne. Wace ɗariƙa suke bi?"

Duktur, wanda ke kiransa Ammu, wato Baffa, ya yi dariya har da hawaye. "La, ya Ammu Lado. Ba Musulmi ba. Seminol sunansu." Ya ba shi labarinsu da Hausa mai gauraye da Larabci. Mutanen wata ƙasa ce mai fadama, ruwa da ciyawa iyakar ganin ido. Gwamnati ta ce su tashi su koma wata ƙasa can yamma, su kuwa suka ƙi barin inda aka binne cibiyarsu. A cikinsu akwai baƙar fata da suka gudo daga bauta suka zauna tare da su. Aka yi ta yaƙi shekara da shekaru, aka riƙa kama su ana loda su a jiragen ruwa.

Lado ya daɗe yana kallon hoton. Can ya ce zai yi aikin, amma da sharaɗi guda. Malaminsa na allo ya taɓa ce musu duk wanda ya ƙera surar mai rai, ranar ƙiyama za a ce ya busa mata rai. Shi bai zuba dalmar nan ba, tufa kawai zai sa musu, kamar tela. Saboda haka ba zai buɗe wa ko ɗaya ido ba. Inda fuska take, inuwa zai bari.

"Halas," in ji Duktur. "Sojoji shuɗi, zan nuna maka. Mutanen fadama kuwa, sa musu abin da ka ga dama. Suna son launi."

Mutumin da ba shi da fuska, da tufarsa ake gane shi. Na farkon da Lado ya ɗauka, hannunsa da kansa ya nufi shuni. Ya shafa baƙi, ya bi da shuɗi mai duhu sau biyar, ya kankare bakin fensir ya ɗan barbaɗa, sannan ya yi ta ƙwanƙwasa rawanin da gindin allura, a hankali a hankali, irin bugun da ya tashi yana ji. Kwana uku ya yi a kan rawanin da bai kai ƙwayar dawa biyu ba. Da ya ɗaga shi ga hasken taga, ƙyallin ya sha kwana kamar wancan na Juma'a. Lado ya ajiye shi, ya fita ya zauna a bakin ƙofa har aka kira azahar.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk lokacin da motar kame ta ɗauke wani sananne, Lado sai ya ce wa Duktur a ƙaro masa mutum ɗaya. Aka tafi da Jabiru mai shayi, sai ga wani ɗan dalma da riga ruwan ƙasa mai ƙunar gawayi a bakin aljihu. Aka tafi da Na'ibi mai wankin mota, sai ga wani da jan tsumma a kafaɗa. Da aka kama Zaituna mai gyaɗa, ya nemi mace mai tulu, ya ɗaura mata jan zane mai zanen kifi ruwan ɗorawa, kifi goma sha huɗu, kowane da jelarsa. Sojoji kuwa ya yi musu fenti ɗari-ɗari, kansu ɗaya kamar ƙwan zabi. Mutanen fadama a shekara ashirin da uku arba'in da ɗaya ne kacal. Duktur ya ɗauka son aiki ne ke sa shi jinkiri. Lado bai taɓa gaya masa ba, bai kuma taɓa hawa ɗakin sama ranar wasa ba, don a ganinsa duk inda ake jefa 'ya'yan lido, caca na laɓe a bayan ƙofa.

A wata Alhamis ta 2009 Duktur ya shigo ɗakin gadi da gwangwani a hannu, yana ta sosa ƙeya. Wani tsohon abokin karatunsa, Ba'amurke masanin tarihin yaƙin, zai zo Jidda mako mai zuwa, za su yi babban wasa. Duktur ya aika masa hotunan mutanen fadama, shi kuwa ya amsa cewa bai taɓa ganin hannu irin wannan ba, amma babu Seminol da ya taɓa ɗaura baƙin rawani mai ƙyalli. Nasu na mayafi ne mai ratsi-ratsi. Ya turo hotuna masu launi.

"Wallahi ina jin kunya, ya Ammu. Shekara ishirin ina wasa da kuskure. Ga ruwan wanke fenti. Ka tsoma su, ka sake. In ba su ƙare duka ba, ma'alesh, ko goma."

Ya ajiye gwangwanin a kan tebur, kusa da Usuman na dalma, mai baƙin rawanin nan, ya fita.

Washegari Juma'a Lado ya tafi Khumra, inda matarsa Maimuna ke zaune a ɗaki biyu bayan wani sito. Ta zuba masa shinkafa, ta ga yana ta juya cokali.

"Baban Mastura, wa ya mutu? Ko ɗaya daga cikin 'yan tsanarka ce ta yi yaji?"

Ya gaya mata. Ta ajiye ludayi.

"To ka faɗa masa mana. Bakinka na lashe buroshi kullum, amma magana ɗaya ta gagare shi?"

"Kayansa ne, Maimuna. Shi ya saya. Kuma kafili kafili ne, ko da kakarsa 'yar ɗakinmu ce."

"Dalmar ce tasa. Zanen Zaituna kuwa ni na raka ta ta saya a Bab Sharif. In ka wanke shi, kada ka sake ce mini in tuna maka kifi nawa ne."

Ranar Asabar ya buɗe gwangwanin. Ya fara gwadawa da soja ɗaya. Cikin ɗan lokaci shuɗin ya kumbura ya saɓule kamar fatar tumatir a ruwan zafi, sojan ya fito tsirara, toka-toka, babu mai cewa an taɓa sanin sa. Lado ya ɗauki Usuman da hantsaki, ya kai shi bakin gwangwanin. Warin ya cika ɗakin. Ya kasa sakinsa a ciki. Ya mayar da shi kan murfinsa, ya rufe gwangwanin. Sauran kwanakin ya yi su yana gyara wa sojan nan rigarsa.

Ranar Alhamis da hantsi ya jera arba'in da ɗayan a kan faranti, ya ɗora gwangwanin a gefe, ya hau benen da kansa.

A bakin ƙofa ya tsaya cak. Ya san ciyayin nan, shi ya yanka su daga tsintsiya ya rina. Ya san bishiyoyin. Amma bai taɓa ganin su a haɗe ba. Teburin ya kai faɗin tabarma huɗu, kuma ƙasa ce guda a kansa: ruwan gilashi na kwance tsakanin tsibirai, hanya ta ratsa daji, ga sansanin soja, ga ɗan jirgin ruwa a can bakin tebur yana jira. Hasken taga na sauka a kai kamar rana ta gaske. Lado ya ce a ransa, tsarki ya tabbata ga wanda ya yi babbar, tunda ƙaramar ma haka take.

Duktur ya ga farantin, fuskarsa ta faɗi. "Ya Ammu, ko ɗaya?"

Baƙon, dogo mai furfura, ya riga ya sunkuya da madubin ƙara girma. Ya ɗauki mace mai tulu, ya daɗe yana juya ta, ya yi tambaya da Turanci. Duktur ya fassara a gajarce.

"Yana cewa me ya sa babu ido. Kuma wannan kifin daga wane littafi."

"Idon ba nawa ba ne da zan bayar," in ji Lado. "Kifin kuwa na Zaituna ne."

"Wace Zaituna?"

"Mai gyaɗa, Duktur. Wadda ke zama a inuwar asibitinka. Kai ka cire mata haƙori ba ka karɓi komai ba."

Duktur ya karɓi madubin daga hannun baƙon. Ya duba, ya sake dubawa. Lado ya fara ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa a bakin tebur, yana kiran suna da shekarar da aka tafi da kowa. Da farko Duktur na fassarawa, daga baya ya daina, baƙon ma bai nemi fassara ba. Na ƙarshe shi ne mai baƙin rawani.

"Wannan ƙanena ne. Kayanka ne, Duktur, ga gwangwanin nan. In za a tsoma su, a sa wani hannun. Nawa ya ƙi."

Baƙon ya yi magana a hankali. Duktur ya juyo wajen Lado. "Ya ce har yanzu ba haka Seminol suka sa ba, littafi littafi ne. Amma ya ce bai san wa zai iya jefa waɗannan a gwangwani ba tare da ya ga yadda suke yaƙi ba. Yalla, mu buga tukuna."

Baƙon ya ɗauki sojoji, Duktur ya ɗauki mutanen fadama. Zagaye goma sha biyu za a yi. Lado ya yi niyyar sauka, amma ya fasa, ya jingina da bango. Ya ga ba kuɗi a tebur, sai tef da 'ya'yan lido da tsofaffi biyu suna gardama a kan faɗin yatsa. Sojoji suka shiga ruwa layi-layi. Duk wanda suka cimma, baƙon sai ya ɗaga shi da yatsu biyu, cikin ladabi, ya sa shi a ɗan jirgin nan. Aka ɗauke Jabiru a zagaye na uku. Aka ɗauke Na'ibi. Da aka ɗaga Zaituna, Lado ya kawar da kai. Ashe ana iya kama mutum sau biyu.

A zagaye na goma sha ɗaya saura uku, biyu can nesa a tsibiri, sojoji na dab da su. Usuman shi kaɗai a cikin ciyawa, ga soja shida suna nufo shi. Duktur ya miƙa hannu zai ja shi ya gudu zuwa daji.

"Bar shi."

Duktur ya juyo. Shekara ashirin da uku bai taɓa jin muryar Lado da ƙarfi haka ba.

"Za su kama shi, ya Ammu."

"Wanda ya ruga, shi ake bi. Bar shi ya sunkuya."

Duktur ya buɗe littafin dokokin wasan, ya bi layi da yatsa. Doka ta ce wanda ya motsa an gan shi, wanda ya tsaya a ciyawa kuwa sai soja ya zo kusa da shi da inci uku. Ya janye hannunsa. Baƙon ya jefa 'ya'yan lido, ya matso da sojojinsa, ya kwashe biyun nan na tsibiri. Zagaye na ƙarshe ya sake jefawa, ya matso, sannan ya shimfiɗa tef daga sojan gaba zuwa baƙin rawanin. Su ukun suka sunkuya. Bakin tef ɗin ya tsaya, saura kaurin farce.

Baƙon ya miƙe, ya saki tef ɗin ya naɗe kansa, ya miƙa wa Duktur hannu yana dariya.

"Mun ci, ya Ammu," in ji Duktur.

Lado ya dubi jirgin da ya cika maƙil, ya dubi sojoji tsaye kusan duka. "Mun ci? Wa muka kashe?"

"Ba sai an kashe ba. Dokar ke nan. In lokaci ya cika akwai ko mutum ɗaya a fadama, su ne suka ci." Baƙon ya ƙara wata magana, Duktur ya fassara. "Ya ce haka aka yi da gaske. 'Yan ɗaruruwa suka rage a can ciki, aka gaji aka ƙyale su. Jikokinsu na nan har yau."

Lado ya matso bakin tebur. Duk tsawon shekarun nan yana ɗaukar kansa mutumin da ya sunkuyar da kai ranar da aka tafi da ƙanensa. Bai taɓa jin cewa akwai inda ake lissafa zama kawai a matsayin nasara ba. Ya dubi ɗan rawanin yana ƙyalli a tsakiyar ciyawar tsintsiya, babu fuska a ƙarƙashinsa, sai inuwa, kuma ya san ko waye.

Duktur ya fara fito da mutanen jirgin ɗaya-ɗaya, yana mayar da su fadama, yana gwada kiran sunayensu da nauyin bakinsa. Da ya kai kan gwangwanin sai ya tura shi gefe da bayan hannu.

"Wannan ka kai gareji. Ƙofar gida na son sabon fenti, zai yi amfani a can."

Ladanin unguwa ya ɗaga murya da kiran azahar. Lado ya miƙa yatsa kamar zai ɗauki Usuman, sai ya fasa, ya bar shi inda ya tsaya. Ya rungumi gwangwanin a hammata, ya yi musu sallama, ya sa takalmansa a bakin ƙofa, ya fita.